Gwaggo Mai Ƙaro da Hoton da Na Ɗauka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar damina, Mai ita ya karɓi abarsa. Gwaggo yayar mahaifinmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta cika a ɗakinta da ke gidanmu na Bungudu, ni da Inna muka yi mata wanka, kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta da laka a takalmansu.

Kwana uku na yi a kan tabarma ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraren abin da mata ke faɗa. Abin da na ji ne ya sa nake wannan rubutu.

Tsofaffin unguwa, sa'o'inta, sun yi mata kyakkyawar shaida. Wata ta ce ba a taɓa jiyo muryarta ta kan katanga ba. Wata ta ce duk amaren layin nan ta hannunta suka bi, har da uwayen wasunsu. Akwai wata mata da ta zo tun daga Tsafe, bakinta ya ɗan karkace ta hagu, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zube a ƙofar ɗakin Gwaggo tana kuka, sai da Inna ta tashi ta kama ta. Akwai kuma wata matashiya daga Karakkai da ta zauna a kusurwa tun safe har la'asar, ba ta ci komai ba, ba ta kuma ɗage niƙabinta ba, alhali babu namiji ko ɗaya a tsakar gidan. Zan zo kan su biyun.

Baba yana zaure. In an ce Allah ya jiƙanta sai ya ce amin yana kallon ƙasa, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai. Ƙanwata, wadda Gwaggo ta riƙa tun daga yaye, ta iso daga Gusau da kulolin abinci cike da mota, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ba kukan ƙarya ba ne. Tun muna yara na san irin kukanta na ƙarya.

A rana ta biyu wata maƙwabciyarmu ta shigo, ta durƙusa gaban Inna, ta yi addu'a mai tsawo ta shafa, sannan ta ƙara da cewa:

"Allah shi yahe mata abin da tay yi ma ɗiyan mutane."

Mata wajen goma suka ce amin. Inna ma ta ce amin. Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Ni ma ban buɗe baki ba.

Gwaggo ba ta yi wa 'ya'yan kowa komai ba. Mu muka yi, da sunanta.

Gyaran fuska ne sana'arta. A Tsafe ta koye shi, inda ta yi aure, a wurin uwar mijinta. Mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta dawo gidan ƙaninta da akwati ɗaya da wani ɗan turmi da ba ta yarda a daka yaji a ciki. A Bungudu ba mai kiran sunanta na yanka. Gwaggo mai ƙaro ake ce mata, domin ƙaro shi ne ƙashin bayan haɗinta.

Matan Fulani ke kawo mata shi daga wajen Nahuce, ƙulle a bakin zane. Sai ta baje shi a faifai ta zauna tsinta, tana ɗaga kowace ƙwaya tana duba ta a rana. Mai haske kamar zuma ta ajiye, mai duhu da ɓawon itace a jiki ta ture gefe ta ce a kai wa masu tawada. Ta jiƙa shi ya kwana, ta tace da farin ƙyalle. A ciki take zuba farar ƙasa da ta tankaɗe sau uku, da garin shinkafa 'yar gida, da zuma, da farin ƙwai. In fuskar mai maiƙo ce takan ɗiga ruwan bagaruwa, ɗigo biyu ko uku, ba ta wuce nan. Na taɓa tambayarta me ya sa take rowarsa haka, ga bagaruwa banza a bayan gari.

Ta ce, "Da ita majema ke jeme hwata. Ke kau ba akuya ba ce."

In ta shafa miki haɗin ta zaunar da ke a inuwar ɗaki, yana bushewa kina jin fatarki tana ɗamewa, kunci ya tashi, haɓa ta fito, har ki kasa motsa baki. To a lokacin ne Gwaggo take tuno duk wani labarin ban dariya da ta sani. Ta ba ki labarin yadda Baba ya gudu ya bar takalminsa a rafi saboda ƙadangare, tana kwaikwayon gudunsa, ke kuma kina maƙale dariya hawaye na zuba. Sai ta haɗe rai ta ce, "Kul! In kin tsage mani aiki sabo za mu soma." Ta san abin da take yi sarai. Amare suna zuwa mata a tsorace, suna fita sun sake.

Bayan an wanke da ruwan ɗumi sai tausa. Man kaɗanya kawai take sa wa, wanda ta sansana ta yarda da shi. Kafin ta taɓa fuskar kowa sai ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi, domin tafinta yana da kaushi kuma ta san da haka. Daga haɓa take ɗaukowa da gaɓoɓin yatsu, ta bi ƙashin muƙamuƙi har gindin kunne, ta dawo ta ɗauko daga gefen hanci ta haura. In ta ga kina shafa mai kina jan kumatu ƙasa sai ta buge hannunki.

"Sama za ki tura. Jan ƙasa shekaru na yin shi, ba su nemi taimakonki ba."

Ba ta taɓa yi wa haɗinta ƙarya ba. Kowa ta zo sai ta gaya mata, "Wanga abu na kwana biyu ne. Shi ɗame maki huska ki je biki ki dawo. Ba shi mai da tsohuwa yarinya." Sabuwar zuwa kuwa ba a taɓa fuskarta ranar farko. A cikin hannu ake shafa mata kaɗan, a ce ta je ta dawo gobe a gani. Mata da yawa sun yi fushi sun tafi saboda wannan. Kuma duk abin da za ta zuba a ƙwarya sai ta ɗanɗana shi tukuna, har farar ƙasar. Ta ce abin da ba za ta iya sa wa a harshenta ba, ba za ta sa shi a fuskar 'yar wani ba.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa daga Gusau da direba, ta zauna a kujerar da aka ɗauko mata daga ɗakin Inna, ta ce ita haske take so, a ƙara mata lemun tsami da kurkur da yawa, ko kuma duk abin da ke sa fata ta yi fari. Gwaggo ta ƙare mata kallo ta ce:

"Hajiya, ni ban sai da hwari. Allah bai ba ni shi ba balle in sayar. Ga ruwa nan ki sha, rana ta yi."

Matar Tsafe da na ambata jikar maƙwabtan Gwaggo ce na zamanin aurenta. Ta wayi gari ɓarin fuskarta ya saki, ido ba ya rufuwa, ruwa na zubowa ta gefen baki in tana sha. Mutane suka ce iska ce ta buge ta. Ta shige ɗaki ta daina fita ko suna. Da labari ya iso Bungudu, Gwaggo ta ƙulla man kaɗanya a leda ta hau mota. Abu na farko da ta yi shi ne faɗa da mijin, har ya yarda ya kai matar asibiti a Gusau, domin ta gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa ita ba likita ba ce, kuma hayaƙin da suke yi mata ba zai rufe idon ba. Daga nan duk mako sai ta je. Daga Bungudu zuwa Gusau, ta sauya mota zuwa Tsafe, a shekarun da mutane ke shiga motar hanyar nan suna salati saboda 'yan bindiga. Baba ya hana, ta ce masa shi ƙaninta ne ba mijinta ba. Wata huɗu tana wannan zirga-zirga, tana tausa, tana sa matar hura wuta da tauna danƙo gaban madubi. Bakin bai koma daidai duka ba, ban kuma san ko maganin asibiti ne ya yi aiki ko hannun Gwaggo ko lokaci. Abin da na sani, matar ta fito tsakar gida, ta koma zuwa biki. A wurin makoki ta riƙe hannuna ta ce, "Lokacin da ni kaina ban iya kallon huskata, ita ta riƙe ta da hannu biyu."

Yanzu sai in faɗi nawa laifin.

Gwaggo ta haura saba'in amma fuskarta a tsaye take. Baƙa ce wuluk, mai dogon wuya, ƙashin kuncinta a sama, fatar sumul kamar an goge tasa. Rabin abin halitta ne, haka mahaifiyarsu take, ita ma takan faɗa. Wata ranar Sallah ta yi kwalliya da farin mayafi, ta zauna a ƙofar ɗakinta, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarta. Na ciro waya. Ta ce ba ta so. Na yi ta roƙo da wasa har ta yi murmushi, na ɗauka. Na tura wa 'yan gidanmu, har da ƙanwata.

Ƙanwata a lokacin tana aure a Gusau, ta buɗe ɗan shagon kayan kwalliya. Ta tashi a gindin turmin Gwaggo, ta san haɗin kamar yadda ta san Fatiha. Da farko shi take yi tsakani da Allah, tana zubawa a ƙananan robobi. Amma ƙaro da ƙwai ba sa jure ajiya, kuma matan birni ba sa son abin da zai saki bayan kwana biyu. Sai ta cire ƙwan, ta rage ƙaron, ta soma zuba wasu mayuka da ake kawo mata a manyan bokitai marasa suna, irin masu ɗaye fata. Wata rana ta zo ofis ɗinmu ta ce in taya ta tsara takardar da za a manna a jikin roba, tunda ni na iya na'ura. Ni na zauna na yanke hoton nan, na ɗora shi a tsakiya, na rubuta a ƙasa: Sirrin Gwaggo, ɗame fuska da gyaran haɓa, haɗin gargajiya daga Bungudu. Na tambaye ta ko Gwaggo ta sani. Ta ce za ta gaya mata. Na san ba za ta gaya mata ba, na kuma danna aka buga.

Kaya ya karɓu. A waya ake tallarsa, ana nuna hoton ana cewa ku dubi tsohuwa 'yar saba'in. A sati ɗaya mace ta ga ta yi haske, fatarta ta yi santsi tana ƙyalli, ta ɗauka ɗamewa ce. Sai an yi watanni abin ke juyewa.

Gwaggo ba ta da babbar waya, ba ta san komai ba, sai ranar da wata mata ta yi sallama daga Karakkai tana jaye da 'yarta. Ina gidan ranar, Asabar ce. Matar ba ta zauna ba. Ta fizge mayafin 'yar ta ce:

"Dube ta! Ke ce mai hoton ko ba ke ba ce? Saura sati ukku a ɗaura mata aure. Dubi abin da kinka yi mata!"

Kumatun yarinyar sun yi baƙi ƙirin kamar an ɗora mata dutsen guga, goshinta ja, jijiyoyi kore sun fito a gefen ido, ƙuraje sun cika haɓa. Matar ta jefa robar a gaban Gwaggo. Gwaggo ta ɗauka ta daɗe tana kallon fuskarta a jiki. Ta buɗe, ta sansana, ta lakato da ɗan yatsa ta ɗora a harshe, ta tofar. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ita ta san wanda ya ɗauki hoton nan. Ba ta ce mani komai ba sai, "Ɗauko mani mayahina."

Muka hau mota zuwa Gusau. Shagon cike yake da mata. Ƙanwata na ganinmu ta taso da murna tana cewa ga Gwaggon da kanta, matan suka juyo suna kallo, wata har ta ɗaga waya. Gwaggo ta ce a ba mu wuri. Da shago ya rage mu uku, ta ajiye robar a kan teburi.

"Mi kinka zuba ciki?"

"Gwaggo, zauna mana ki huta."

"Mi kinka zuba?"

"Mai ne da kowa ke sa wa. Duk masu haɗi da shi suke yi. Wadda ta ƙone ita ta cika shafawa, ko ta shiga rana."

"Kin gwada shi a hannunta kahin ki ba ta?"

"Gwaggo, mutum ɗari za su saya a waya, wa zan gwada wa? Zamani ya canza. Naki haɗin kwana biyu ya saki. Mata ba su son jira."

"To ki sai da naki da sunanki. Cire huskata."

Ƙanwata ta gyara robobin da ke kan kantar shagon waɗanda ba su buƙatar gyara. Sannan ta ce, ba da tsawa ba, a hankali, kamar ta daɗe tana ajiye da maganar:

"Ke kika ɗauke ni daga ɗakin uwata. 'Yan'uwana sun yi boko mai zurfi, ni ina gindin turmi ina tankaɗen farar ƙasa. Ba ki da gona, ba ki da gida. In kin mutu me za ki bar mani? Wannan fuskar ita ce gadona, na ɗauka tun kina da rai."

Na jira Gwaggo ta mare ta. Ba ta yi ba. Ta dafa teburi, ta ɗauki robar da ta zo da ita ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce mani, "Mu tahi, kada mu rasa mota."

Da yamma ta kai ƙara wurin Baba. A wannan shekarar ƙanwata ta sauya wa gidan rufi, ta kai Baba aka yi masa aikin ido, tana kuma shirin kai Inna Umara. Baba ya saurara har ta gama, ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Yarinya ce, neman na kanta take. Zan yi mata magana." Inna ta ce ai hoto ba ya ciwo. Ni da nake da bakin da zan ce ga yadda aka yi, ni na buga takardar, a kira ƙanwata a sa ta cire hoton yau, sai na tashi na shiga kicin na tsaya ina wanke kwanon da yake a wanke. Baba bai yi maganar ba. Ko ya yi, ba a ji ba.

Gwaggo ta aika Karakkai aka kawo mata yarinyar. An ɗaga bikin, daga baya ma aka fasa. Wata biyu tana ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta raka ta wurin likitan fata a Gusau, ta riƙe ƙa'idar maganin da aka ba su fiye da yadda uwarta za ta riƙe, ta hana ta fita rana, ba ta sa mata komai nata sai man kaɗanya zalla a inda likita ya yarda. Ƙurajen suka mutu, jan ya kwanta. Baƙin kuncin ne likita ya ce ba lalle ya tafi duka ba, bai kuwa tafi ba. Ita ce mai niƙabin da ta zauna a kusurwa. Ita kaɗai a cikin waɗanda suka ƙone ta san gaskiya, domin ta kwana ta tashi da Gwaggo ta ga abin da ke cikin ƙwaryarta.

Sauran ba su sani ba. Sun ci gaba da zuwa, ɗaya bayan ɗaya, wasu da kuka wasu da zagi. Wani magidanci ya tsaya a ƙofar gida yana kiranta azzalumar tsohuwa, Baba yana zaure yana ji. Ba ta taɓa cewa ba ni ba ce, 'yata ce. Sau ɗaya na ce mata ta faɗa mana. Ta ce, "In na hwaɗi, gidan mijinta za su. Tana da ɗiya ƙanana." Amaren unguwa suka daina zuwa. Uwaye suka soma kai 'ya'yansu Gusau gyara, wasunsu ma shagon ƙanwata, ba su san can ne tushen abin ba. Matan Fulani suka kawo ƙaro sau biyu ta ce su kai kasuwa. Ta kife ɗan turmin a ƙarƙashin gado.

Sai kuma ta daina taɓa tata fuskar. Matar da ban taɓa ganin ta fito da safe ba tare da ta yi tausarta ba, ta koma wanke ido da ruwa kawai. Ko mai ba ta shafawa. Na zaci ciwo ne ko mantuwa, na kawo mata man kaɗanya mai kyau. Ta ce in kai wa Inna.

"Bar huskar ta zube. In ta zube ba mai gane ni a mota."

A cikin shekara biyu ta tsufa tsufan shekara goma. Hawan jini ya kama ta, ƙafa ta kumbura, ta daina fita ko gaisuwar mutuwa. Ƙanwata takan aiko da magani da kayan marmari, Gwaggo ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka. Amma ƙanwata ba ta ƙara kwana a ɗakin nan ba, in ta zo a tsaye take gaisuwa daga bakin ƙofa.

Ganina da ita na ƙarshe saura kwana biyar ta rasu. Tana kwance, leɓunanta sun bushe, fatar kuncinta ta yi fari-fari. Na lakato mai zan shafa mata, ta riƙe wuyan hannuna. Ƙarfin yatsun nan yana nan. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mani. Ni na ɗauki hoton, ni na buga takardar."

Ta ce, "Na sani tun ranar. Na yahe maki. Ita ma na yahe mata, ki gaya mata in ba ni nan. Amma na ɗiyan mutane ba nawa ba ne, ban da ikon yahe shi. Ku je ku neme su."

Ranar sadakar bakwai na ja ƙanwata ɗakin na isar da saƙon. Ta zauna a bakin gadon ta rufe fuska. Ta ce ta daina, wallahi ta daina, za ta ƙone takardun da suka rage, za ta zubar da bokitan. Na yarda da ita, kuma ta cika alkawari. Da na je shagon bayan sati biyu babu roba ko ɗaya mai hoton. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaranjiya na shiga kasuwa a Gusau sayen atamfa. A layin masu kayan shafa na hango Gwaggo tana kallona daga kan wani teburi, robobi sun fi ashirin a jere. Na ƙarasa na ɗauki ɗaya. Ba irin robar ƙanwata ba ce, murfin ja ne, rubutun ma an sauya, kuma an haskaka hoton har Gwaggo ta zama fara. Teburi na gaba ma akwai, da wani murfin daban. Wasu ne can suka kwafe shi daga waya, ba mu san su ba, ba su san mu ba.

Mai teburin ta ga na tsaya, ta matso da fara'a.

"Hajiya, ki gwada wannan. Yana ɗame fuska, yana fito da haɓa, ga haske. Tsohuwar da kanta ke haɗa shi a Bungudu, shekararta casa'in, in kin gan ta sai ki ce 'yar arba'in ce."

Na ce, "Ta rasu."

"A'a Hajiya, tana nan da ranta. Jiya ma aka kawo sabon haɗi daga wurinta."

"Gwaggona ce. Ni na yi mata wanka. Ba ta taɓa haɗa wannan abin ba, kuma yana ƙona fuska."

Da ƙarfi na faɗa, har masu wucewa suka juyo. Mai teburin ta dube ni, ta dubi matan da ke tsaye, ta rage murya.

"Allah ya jiƙanta. Amma don Allah Hajiya ki matsa gaba, kina kore mani masu saye."

Ban kori kowa ba. Ina tsaye a wurin wata mata ta miƙa hannu ta gefen kafaɗata ta ɗauki guda biyu.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ka san abin da ta zuba a ƙwaryarta da abin da ba ta zuba ba. Ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi, ka sa ta huta. Mu kuma da ta bar wa saƙo, gobe Asabar za mu fara da Karakkai, ni da ƙanwata. Sauran ba mu san sunayensu ba, ba mu san garuruwansu ba, kuma kullum ƙaruwa suke yi.